Tambaya da Amsa: Gudun Dogon Zango, Aiki da Renon Yara

Yawancin wasiƙun wannan karon daga Kebbi da Zamfara suka zo, daga masu gudu da masu tuƙa keke mai nisa waɗanda ke da aikin yi, ga kuma ƙananan yara a gida. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, shekaruna 36, 'ya'yana uku, ƙaramar tana goye. Ina gudun kilomita 10 cikin kusan awa ɗaya, burina in shiga gudun famfalaki na Legas. Na samo jadawalin kwana shida a mako a intanet, na bi shi mako uku na kasa. Ina gyangyaɗi a ofis, ƙwaurina yana ciwo, kuma ni ke kai yara makaranta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ajiye jadawalin nan. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka mai bin sa yana barcin awa takwas, babu jaririyar da za ta tashe shi ƙarfe biyu na dare. A lokacin atisaye gajiya jiki yake tarawa, ƙarfin kuwa sai bayan an ci abinci an yi barci yake zuwa, sa'ad da tsoka ke gyara kanta. Duk awar da ka yanko daga barci ka ba gudu, ka ƙara gajiya ka rage gyara. Gyangyaɗin da ciwon ƙwaurin daga nan suka fito. Kada barcinka ya gaza awa bakwai, ko da sai ka haƙura da hirar bayan isha'i da danne-dannen waya.

Gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Na Legas an fara shi a 2016, kuma a watan Fabrairu ake yin sa. Mai kilomita 10 ba ya tsallakawa can kai tsaye. Ka fara kaiwa matsayin da kake tara kilomita 30 a mako ba tare da ciwo ba, wata biyu ko uku a jere, ka gwada rabin zangon, wato kilomita 21, sannan ka ware mako 16 zuwa 18 don babban shirin. Idan lissafin bai kai ka wannan Fabrairun ba, na baɗi yana nan.

Kwana huɗu a mako sun ishe ka. Ranar Talata ita kaɗai ce ta wahala: sassarfar minti 10 don ɗumama jiki, sai gudu mai ƙarfi na minti 3 a bi shi da sassarfar minti 2, a maimaita sau biyar, a rufe da minti 10 a hankali. Minti 45 ke nan. Alhamis minti 40 zuwa 50 a hankali. Asabar doguwar fita, a fara da awa ɗaya da kwata, a riƙa ƙara minti 10 zuwa 15 kowane mako, amma kowane mako na huɗu a rage sulusi don jiki ya huce. Lahadi minti 30 a hankali, kuma ita ce za ka fara yarwa idan mako ya cushe. Fita mafi tsawo, kilomita 30 zuwa 32, ta zo saura mako uku a yi tseren, daga nan sai ragewa.

"A hankali" ɗin nan shi ne inda kusan kowa ke kuskure. Ma'auninsa ka iya hira da abokin gudunka da cikakkiyar magana ba haki. A gare ka, mai yin kilomita ɗaya cikin minti 6 idan ka matsa, a hankali yana nufin minti 7 zuwa 7 da rabi. Za ka ji kamar wasa kake yi, ka daure. Manyan 'yan tseren Kenya da Habasha ma mafi yawan gudunsu na mako a sauƙaƙe suke yin sa, gwargwadon ƙarfinsu. Mai ƙarancin lokaci yakan ce tunda minti 40 kawai gare ni bari in ƙure, sai kullum ya zama tsaka-tsaki: ya yi wahalar da ta hana shi murmurewa, bai kuma kai wadda za ta ƙara masa sauri ba.

Batun safiya. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Birnin Kebbi sai wajen ƙarfe bakwai, don haka tsakanin sallar asuba da shirin makaranta cikin duhu za ka yi gudu. Tun da dare a goge kayan makarantar yara, a haɗa jakunkunansu, ka ajiye kambas da safa a bakin ƙofa. Ka je masallaci da kayan gudu a ƙarƙashin jallabiya, don wanda ya koma ɗaki neman wando bargo ne zai riƙe shi. Ka sa riga mai haske, ka riƙe ƙaramar tocila, ka bi gefen hagu na titi kana fuskantar motoci da 'yan kabu-kabu. Ranar da ƙura ta yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, kada ka yi gudu mai ƙarfi.

Ƙwaurin kuma ka taɓa shi. Idan ciwon ya bazu a tsawon gefen ƙashin ta ciki, yana raguwa idan jiki ya ɗumama, rage gudunka da rabi har mako biyu, ka bar kwalta ka koma ƙasa mai tauri. Idan kuwa wuri ɗaya ne da za ka nuna da ɗan yatsa, kuma tsalle da ƙafa ɗaya yana tsananta shi, wataƙila ƙashin ne ya fara tsagewa, sai ka tsaya cak ka ga likita. Takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo ba ka san nawa ya riga ya ci ba.

Abu na ƙarshe: kai a busasshiyar iskar hunturu za ka yi shiri, inda gumi ke bushewa nan take ya sanyaya jiki. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, gumi zuba kawai yake yi. Ka fara tseren da jinkirin daƙiƙa 15 zuwa 20 a kowace kilomita kan abin da ka saba.

Tambaya: Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yanmu biyu, ni ma ina koyarwa. Maigida yana fita gudu duk Asabar tun asuba, ya dawo wajen goma ya kwanta har la'asar. Idan na yi magana sai ya ce don lafiyarsa yake yi. Ba na son hana shi, amma na gaji.

Amsa: Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, kuma muna fatan maigida zai karanta wannan tare da ke. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙata don lafiya shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Abin da ya haura haka sha'awa ce da buri. Sha'awa ce mai kyau, amma wani ne ke biyan lokacinta, kuma a gidanku ke ce.

Kwanciyar wuni guda bayan doguwar fita alama ce ta kuskure a atisayen kansa. Ɗaya daga cikin uku ne, ko duka: ya yi saurin da ya wuce kima, ko bai ci komai a hanya ba, ko ya kai rana ta yi zafi. Maigida, duk fitar da ta wuce awa ɗaya da rabi ka riƙa cin wani abu mai zaƙi kowane minti 30 zuwa 40, kuma cikin awa ɗaya da dawowa ka ci abinci na gaske: koko da ƙosai, fura da nono, ko shinkafa da wake da ƙwai biyu. Ka yi wanka, ka kwanta minti 30 zuwa 45, a tashe ka. Wanda ya yi doguwar fita yadda ya kamata zai iya cefane da azahar.

Sai ku zauna ranar Juma'a da yamma ku tsara makon da baki, ba kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya sani ba. Idan safiyar Asabar tasa ce, yammacinta ko safiyar Lahadi taki ce, awa da awa, ya riƙe yara ke kuma ki huta, ko ki je gidanku, ko islamiyya. Riƙon yara na nufin wanka da ciyarwa da rarrashi, ba zama kusa da su da waya a hannu ba. Ku yarda kuma cewa shiri mai tsanani yana da farko da ƙarshe: wata huɗu kafin tsere guda a shekara, sauran watannin fitar Asabar kada ta wuce awa ɗaya da rabi. Watan haihuwa, da makon jarrabawar ɗalibanki, da ranar da yaro ke kwance, ba na doguwar fita ba ne.

Tambaya: Ina da shago a Talata Mafara. Ranar Lahadi nakan tuƙa keke awa uku zuwa huɗu. Da bazara ina dawowa da ciwon kai da ɗaurewar tsoka, fitsarina ya yi ja, ko wasa da yara ba na iyawa. Wani ya ce in sha maganin ciwon jiki kafin in fita.

Amsa: Alhaji, kada ka sha. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi zafi da ƙarancin ruwa sun riga sun rage shi. Haɗuwar ukun tana iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ɓoye gargaɗin jiki yake yi, ban da sauran illolinsa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yankinku yakan haura digiri 40. Ka fita da an idar da asuba, ka sauka daga keke kafin ƙarfe tara, ka rage tsawon fitar da sulusi har damina ta sauka. Makonni biyu na farkon zafi a bi su sannu, domin jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba.

Ka auna gumin da kake yi. Hau sikeli kafin fita, ka yi awa ɗaya, ka goge jiki ka sake hawa da kaya marasa jiƙa. Kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Misali, ka fita da kilo 70, ka dawo da 68 da rabi, ka sha ledar fiya-wata ɗaya mai rabin lita: gumin lita biyu ke nan a awa. Ciki ba ya iya karɓar haka ana cikin tafiya. Abin da yawanci ke shiga lafiya shi ne leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, kurɓi-kurɓi kowane minti 15. Ragowar a gida za a biya, lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi kan kowane kilo da aka rasa, cikin 'yan awoyi. Ka yi ƙoƙari kada asarar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo ɗaya da gram 400 ga mai kilo 70. Idan kuma ka dawo ka fi nauyin da ka fita da shi, ka sha fiye da kima, wannan ma haɗari ne domin yana tsarma gishirin jini.

Gumi da gishiri yake fita, shi ne farin da kake gani a wuyan riga. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Daga awa ta biyu jiki yana son gram 30 zuwa 60 na abinci mai ba da kuzari a kowace awa. Ƙananan dabino shida sun kai wajen gram 30, ayaba ɗaya ta kusa haka.

Fitsari mai duhun rawaya da ke washewa bayan an sha ruwa ƙishirwa ce. Wanda ya yi kalar baƙin shayi, tare da ciwon tsoka mai tsanani, na asibiti ne a ranar. Idan abokin tafiya ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin mota ta zo. Ka kuma san nau'in jininka na gado (genotype), domin mai AS, wato mai ɗauke da rabin gadon sikila, ya fi shiga haɗari idan zafi da ƙishirwa da ƙure ƙarfi suka haɗu. Saboda halin tsaro, gara zagaye gajere kusa da gari sau da yawa, ku biyu ko uku, gida sun san hanyar da lokacin dawowa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Argungu. Kafin ciki ina gudun kilomita 15. Na haihu wata biyar da suka wuce, na koma aiki har da na dare. Da na gwada gudu sai fitsari ya riƙa ɗigo mini. In haƙura ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai kin haƙura ba, amma ki dakata da gudun tukuna. Ciki da naƙuda suna sassauta tsokar ƙasan mara da ke riƙe mafitsara da mahaifa, kuma kowane taku na gudu yana dukan jiki da wajen ninki biyu na nauyinsa, ita ma jijjigar tana isa gare ta. Arba'in ba ta isa ta koma daidai ba. Masana gashin ƙashi suna ba da shawarar kada a koma gudu kafin mako 12 da haihuwa, bayan nan ma sai in babu ɗigo, babu jin nauyi a ƙasa, babu ciwo.

Ki matse tsokar kamar mai riƙe fitsari da iska lokaci guda, ba tare da ɗauke numfashi ko matse cinya ba. Ki riƙe gwargwadon iyawarki har ki kai daƙiƙa 10, ki saki gaba ɗaya, sau 10, sai gajeru masu sauri sau 10. Sau uku a rana, kuma lokacin shayarwa ya dace da shi don ba za ki manta ba. Kada a yi shi ana cikin fitsari. Ki ba shi wata uku. A tsakanin nan tafiya mai sauri ta minti 30 zuwa 45 za ta riƙe miki numfashi, ko da goyo ne. Gudu da goyo kam a'a, wuyan jariri ba ya ɗaukar jijjigar. Tsallen igiya ma a ajiye shi.

Gwajin komawa: tafiyar minti 30 da sauri, sassarfa a wuri ɗaya minti ɗaya, tsalle 10 a kowace ƙafa. Idan babu ɗigo ko nauyi, ki fara da sassarfar minti 1 da tafiyar minti 2, sau takwas, kwana uku a mako ba a jere ba. Ki shayar kafin ki fita, ki sa rigar mama mai riƙewa sosai. Shayarwa tana cin wajen kalori 500 a rana, don haka wannan ba lokacin rage ci ba ne. A duba yawan jininki, domin ƙarancinsa bayan haihuwa yana sa haki da ake ɗauka rashin atisaye ne.

Ranar da kika sauko daga aikin dare ta barci ce, ba ta atisaye ba. Ki lissafa makonki da zagayen aikinki maimakon Litinin zuwa Lahadi: fita mafi tsawo ta faɗo a rana ta biyu ta hutu. Idan wata uku suka wuce ba canji, ki ga likitan mata. Saboda sauran masu karatu: fitsarin da ke zuba dare da rana ba tare da tari ko tsalle ba, musamman bayan doguwar naƙuda, wata lalura ce daban, yoyon fitsari, kuma ana gyara ta da tiyata.

Tambaya: Daga Yawuri nake. Gwiwa ta hana ni gudu, zan iya maye gurbinsa da iyo a kogi? Yarana ma suna son bi na.

Amsa: Iyo yana gina numfashi ba tare da dukan gwiwa ba, sai dai ruwan kogi da na fadama, musamman gefen da ba ya gudu mai ciyayi, yana ɗauke da tsutsar tsargiya da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. Yara ta fi kamawa. Keke ya fi maka, ka ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Wanda ya saba shiga kogin ya ga jini a ƙarshen fitsari ya je a gwada shi, akwai magani.

Tambaya: Ina Zuru. Yaro ya yi zazzaɓi mun kwana uku ba barci, daga baya ni ma na kwanta. Na rasa kwana goma na shiri. In ninka na mako mai zuwa?

Amsa: Atisayen da ya wuce ba a rama shi. Ninkawa ce ke kawo rauni, domin jiki mai fitowa daga ciwo za ka ɗora wa kaya biyu. Kwana goma ba sa rushe abin da aka gina cikin watanni. Ka koma da kashi biyu cikin uku na abin da kake yi kafin ciwon, duka a hankali, mako guda, sannan ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Da zazzaɓi a jiki ba a atisaye ko kaɗan, domin wasu cututtukan suna taɓa tsokar zuciya. A yi gwaji, in na cizon sauro ne a shanye maganin duka, a ƙara aƙalla kwana biyu ba zazzaɓi kafin ko da sassarfa. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, don haka haki na mako ɗaya ko biyu bayansa ba abin mamaki ba ne. Ka saba ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya da farkawa, kafin ka sauko daga gado. Idan ya haura abin da ka saba da bugu 7 zuwa 10 kwana biyu a jere, ka huta. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun da ke tsalle-tsalle na likita ne. Daren da yaro ya hana ka barci, safiyarsa ka mayar da gudu mai ƙarfi tafiyar minti 20, ko ka kwanta abinka.

Tambaya: Daga Kaura Namoda. Yaya zan yi da atisaye a watan azumi, ga aiki ga yara?

Amsa: Malam, watan riƙe abin da ke hannu ne, kada ka sa tsere ko burin ƙara sauri a cikinsa. Ka rage yawan atisayen da sulusi zuwa rabi, kwana uku a mako. Sassarfa mai sauƙi ta minti 30 za ta yiwu gab da magariba, a kusa da gida, yadda za ka gama ana kiran salla, in dai yammacin ba mai tsananin zafi ba ne. Mai ƙarfi sai bayan asham, ko awa biyu bayan buɗa baki mara nauyi. Gudu bayan sahur shi ne mafi muni ga mai zuwa aiki, domin gumin da ya fita ba za a mayar da shi ba sai bayan fiye da awa goma sha biyu.

Ruwa a rarraba shi daga magariba zuwa sahur, kofi ɗaya ko biyu kowace awa kafin a kwanta, domin wanda aka ɗura lokaci guda fitsari yake zama. Sahur ya ƙunshi abin da ke daɗewa a ciki, kamar tuwo ko fura, da ƙwai, wake ko nono. Barci ne ya fi wahalar samu a watan, sai ka nemi minti 20 zuwa 30 bayan azahar. Lokacin da uwargida ke fama da girkin buɗa baki shi ne yara suka fi buƙatar mai riƙe su, don haka ranakun da ba ka fita ka ɗauke mata su. A goman ƙarshe, idan kana tahajjud, fita biyu ta minti 20 sun isa, sauran a bar shi sai bayan salla da kwana uku ko huɗu.